Yoyon ɗaki: ƙaddara ce ko sakaci?

Duk damana muna jin labarin ɗakin da ya faɗa ma masu shi. In anka je jaje, magana guda a ke yi: ƙaddara ce. Gaskiya ne, ruwa na Allah ne. Amma mu tambayi kanmu: duk ɗakin da ya faɗi, ƙaddara kaɗai ta kada shi?

Mu fara da duba yadda yoyo ke somawa. Da rani, rana tana tsaga ƙasar rufin soro. Iska tana tara ganye da rairayi cikin indararo har shi toshe. In ruwan fari ya sauka, ba ya samun hanyar fita. Sai shi kwanta bisa rufi, shi bi tsaga shi shiga. Ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi. Azara ta sha laima ta fara ruɓewa, gara kuma ta samu wurin da ta ke so. Mai gida shina ganin tabo baƙi bisa kanshi, sai shi aje kwano ƙarƙashin ɗigo, shi ce sai bayan noma. Kwano shina tare ruwa, amma ba ya rage ma azara nauyi.

In mun lura da kyau, faɗuwar ɗaki iri uku ce.

Ta fari ita ce wadda ta fi ƙarfin mutum. A damanar 2024 an yi ruwa mai yawa ƙwarai a Nijar. Kusan mutum 400 sunka rasu, waɗansu ruwa ya ci su, waɗansu gini ya faɗa masu. A watan Satumba na shekarar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, bayan ya fi shekara 150 shina tsaye. Wanda irin wanga ruwa ya kada ma ɗaki, sai a ba shi haƙuri.

Ta biyu ita ce ta sakaci. Mutum ya ga tsaga tun bazara, shina da ƙarfi, ƙasa da ciyawa suna kusa, amma bai yi yaɓe ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanga mutum in ya ce ƙaddara, ya ɓoye laifinshi ne bayan magana mai girma. Kuma ba ranshi kaɗai ya sa cikin haɗari ba. Mata da yara da ke kwana ɗakin ba su ne ke da ikon gyara ba, amanarsu tana hannunshi.

Ta uku ita ce ta rashi. Akwai tsohuwar da ɗiyanta sunka tafi bida, akwai makaho, akwai wanda ciwo ya kwantar. Sun ga yoyo, sun san abin da za ya biyo baya, amma ba su iya hawa rufi. In ɗakinsu ya faɗi, laifin wa? Na maƙwabta ne da sunka gani sunka wuce. Muna yin gayya don noman gona. Mi zai hana mu yi gayya ta wuni guda don yaɓen ɗakin marar ƙarfi?

Wani zai ce: yaya za mu gane wannan daga wancan? Ga ma'auni mai sauƙi. Kowa shi tambayi kanshi: na gani? Ina da iko? Na yi? Wanda ya gani, shina da iko, bai yi ba, kada shi kira sunan ƙaddara.

To mi ya kamata a yi? Tun kafin ruwan fari a share indararo, a cire ciyawar da ta tsiro bisa rufi, a toshe tsaga, a yi yaɓe. Mai makuba shi sa, tana hana ruwa shiga. In yoyo ya riga ya soma, a janye hatsi da shimfiɗa, a buɗe ƙofa da taga don ɗaki shi sha iska, saboda laima tana kawo tari. A nemi tsaga da kyau, don ba kullum ta ke daidai da wurin ɗigo ba. Kada mutane da yawa su hau rufin da ya jiƙe. In azara ta lanƙwashe ko ƙasa tana zubowa, kada kowa shi kwana ciki, ko dare guda. A tokare da gwafa, a kira magini.

Mu yi abin da ke hannunmu tun sararin sama shina fari. Abin da ya zo bayan haka, shi ne za mu kira ƙaddara da zuciya kwance. Allah shi ba mu damana mai albarka.