Wa Zai Karɓi Shaidar Mai Taɓin Hankali?

A shekarar 1845 wasu mutane suka taru a Landan suka kafa ƙungiyar kare waɗanda aka kulle a gidajen mahaukata. Da dama daga cikinsu su ma an taɓa kulle su. Ɗaya daga cikin jagororin shi ne John Perceval, ɗan Spencer Perceval, firaministan Birtaniya da aka harbe a 1812. Girman gidansu bai hana a tsare shi kusan shekara uku ba lokacin da hankalinsa ya gushe a farkon shekarun 1830. Da ya fito sai ya rubuta abin da ya gani. Bai musa cewa ya yi ciwo ba. Kukansa shi ne ana yanke hukunci a kansa yana zaune, babu mai tambayarsa, babu mai yi masa bayani, duk abin da ya faɗa kuma sai a jingina shi ga ciwon. A 1859 ya tsaya gaban kwamitin majalisar dokokin ƙasarsa ya ba da shaida.

Sai a watan Fabrairun 2020 aka ga irin wannan a Abuja. Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016 bayan likitoci sun tabbatar mata da lalurar ƙwaƙwalwa, ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Tarayya da ke sauraron ra'ayin jama'a kan ƙudirin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. An bayyana ta a matsayin mutum na farko mai irin wannan lalura da ya fito fili ya yi magana a wannan zaure. Likitoci sun sha yin magana a wurin, lauyoyi ma haka. Masu ciwon, waɗanda dominsu ake rubuta dokar, su ne ba a taɓa ji ba.

Tambayar da ke ƙarƙashin labaran nan biyu tsohuwa ce, kuma ta fi ƙarfin asibiti: mutumin da aka taɓa cewa hankalinsa ya taɓu, shin maganarsa a kan kansa tana da nauyi? In kuwa sai an tsaya masa, wa ya fi cancanta ya tsaya?

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa ganin likitan ƙwaƙwalwa ya san yadda abin yake tafiya. Saurayi na zaune a kujerar da ke gaban tebur, mahaifinsa na tsaye a gefe riƙe da kati. Likita, wanda layi ke jiransa har bakin ƙofa, sai ya ɗaga kai ya dubi uban: "Baba, yana barci? Yana cin abinci? Yana shan maganin?" Saurayin ya buɗe baki da ƙyar ya ce ƙwayar tana sandarar masa da wuya, yawu na zubo masa, hannunsa na rawa har ba ya iya riƙe almakashi a shagon ɗinki. Uban ya tare shi: "Likita, rabu da shi, ciwon ne ke sa shi surutu." A rubuta magani, a kira na gaba. Alhali abin da yaron ya faɗa gaskiya ne tsantsa. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine, waɗanda aka fi samu saboda araha, an san su da haddasa sandarewar jiki da karkarwa, kuma akwai abin yi: a rage adadi, a canza magani, ko a ƙara wani da ke sassauta illar. Uban ba mugu ba ne, likitan ma haka. Amma yaron zai koma gida ya riƙa ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ciwon ya dawo, a ce taurin kai ne.

Wata masaniyar falsafa 'yar Ingila, Miranda Fricker, ta fitar da littafi a 2007 inda ta nuna cewa akwai zaluncin da ake yi wa mutum a matsayinsa na mai sani: a rage wa maganarsa daraja saboda rukunin da aka saka shi a ciki, ba tare da an auna maganar kanta ba. Babu wanda wannan ya fi faɗawa kamar mai taɓin hankali, domin nasa tarkon a rufe yake ta kowane gefe. In ya yarda da abin da aka ce, an ce ya fara samun sauƙi. In ya ƙi, ƙin nasa ya zama hujjar cewa bai warke ba. Mai karatun Alƙur'ani ya san wannan makami, don da shi mushirikan Makka suka nemi zubar da saƙon Annabi (SAW), suka jefe shi da hauka don kada a saurare shi, Allah kuma ya wanke shi a farkon Suratul Ƙalam. Sun san cewa da zarar lambar ta manne, ba sai an amsa hujjar mutum ba.

Mutane da yawa na kafa hujja da hadisin da ya nuna an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo hayyacinsa. Sai su fahimci cewa mai wannan lalura ya fita daga sahun mutane masu magana. Wannan karatun baibai ne. Hadisin rahama ce da aka yi wa mara lafiya, abin da aka ɗauke masa shi ne tuhuma da hukunci, kamar yadda Sayyidina Ali ya tunatar da Sayyidina Umar lokacin da aka kawo wata mata mai taɓin hankali za a tsayar mata da haddi, aka sallame ta. Kuma an yi wa ɗaukewar iyaka: har ya dawo hayyacinsa. Malaman fiƙihu sun bi wannan iyakar da kyau. Sun bambanta haukan da ba ya sakin mutum da wanda yake zuwa yana tafiya, suka ce mai na biyun, a lokacin da ya farfaɗo, sallarsa da azuminsa suna kansa, cinikinsa da wasiyyarsa suna ƙulluwa. Walicci a wurinsu amana ce da ake riƙewa don amfanin wanda ake riƙo, kuma tana da ranar ƙarewa. A unguwa ne aka mayar da ita ta har abada, inda mutum zai yi ciwo na wata biyu yana ɗan shekara ashirin, ya kai hamsin ana nuna shi da baki, ba a sa shi a shawarar gado, ba a ba shi aure.

Akwai wani hadisin da ya kamata a ce kowane mai jinya ya san shi. Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata mai matsala a hankalinta ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata a wurinsa. Bai aika a kira waliyyinta ba. Ya kira ta da alkunya ta girmamawa, ya ce ta zaɓi hanyar da take so su tsaya, ya tsaya da ita har ta gama faɗin abin da ke ranta. Ita ta zaɓi wurin, ita ta yi maganar.

To me ya sa sai wanda ya taɓa ɗanɗana ciwon? Me ya hana likita mai kirki ko uwa mai tausayi su wadatar? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai ilimin da ba ya cikin littafin likita: yadda dare yake a ɗakin kwanciya idan an kulle ƙofa, yadda ake komawa kasuwa bayan kowa ya ga mutum yana ihu a titi, lokacin da ya dace a gaya wa wadda ake nema da aure, yadda ake shan magani da azumi. Sannan likita da iyali, duk ƙaunarsu, suna da nasu buƙatun. Asibiti na son tsari, gida na son rufin asiri da barci. Wanda ya fito daga cikin ciwon shi ne zai zauna kusa da majinyaci kafin a shiga wurin likita ya ce, "Ɗan'uwa, me kake so ka faɗa masa? Mu rubuta, in ka manta zan tuna maka." Aikinsa ke nan. Ba ya rubuta magani, ba ya yanke hukunci, yana tabbatar da cewa maganar mai ciwo ta isa inda aka nufa yadda ya faɗe ta, ko da shi kansa yana ganin wani ra'ayi daban.

Tarihi ya goyi bayan wannan. An saba yaba wa likita Philippe Pinel da kwance wa mahaukata sarƙa a Faransa, amma wanda ya fara yin haka a asibitin Bicêtre a 1797 shi ne Jean-Baptiste Pussin, mutumin da ya shiga asibitin a matsayin majinyaci mai wata cutar jiki kafin ya zama mai kula da sashen. Pussin ya fi son ɗaukar waɗanda suka warke aiki, saboda ya lura sun fi sauran ma'aikata tausayi da haƙuri. A Amurka, tsofaffin majinyatan wani asibitin gwamnati ne suka fara haɗuwa suna taimakon juna, abin da ya zama cibiyar Fountain House a New York a 1948. Judi Chamberlin, wadda aka tsare a asibiti ba da son ranta ba a shekarun 1960, ta fitar da littafinta On Our Own a 1978, ta yi kira ga majinyata su kafa wuraren da su ke gudanarwa. Irin waɗannan mutane ne suka zauna a teburin da aka tsara yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda sashenta na 12 ya ce kowa na da matsayi a gaban doka daidai da kowa. Najeriya ta amince da ita a 2010.

Ba kuma abin Turawa kaɗai ba ne. A Kampala aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar majinyatan ƙwaƙwalwa ta Afirka a 2005. A asibitin Butabika da ke birnin, waɗanda suka taɓa kwanciya suna aiki a matsayin masu tallafa wa 'yan'uwansu, suna bin waɗanda aka sallama har gida. A arewacin Gana, wajen Tamale, akwai ƙungiyoyin taimakon kai na majinyata da masu jinyarsu, suna tara kuɗi, suna neman jari, suna zuwa ofishin hukuma su tambayi dalilin yankewar magani.

Akwai suka mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a tsallake ta. Wani lokacin ciwon da gaske yake magana. Mutumin da ya tabbata a ransa cewa mahaifiyarsa na zuba masa guba, ko wanda ya kwana biyar bai runtsa ba yana rabar da jarinsa a titi, ko wadda ta ƙudurta kashe kanta, ba za a ce a bi zaɓinsu a naɗe hannu ba. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da fassara a 2014 da ke neman a daina yanke wa mutum shawara a madadinsa gaba ɗaya, likitoci da yawa suka ce hakan zai bar marasa lafiya su halaka da sunan 'yanci. Gardamar ba ta mutu ba har yau, kuma a nan matsayin malaman fiƙihu ya fi kusa da abin da ake gani a zahiri: akwai lokacin gushewa, akwai lokacin farfaɗowa, kowanne da hukuncinsa. Abin da ƙungiyoyin majinyata suka ƙara shi ne hanyar haɗa lokutan biyu. Mutum yana cikin hayyacinsa sai ya rubuta abin da yake so a yi idan ciwon ya tashi: wane magani ya taɓa karɓarsa, wanne ya wahalar da shi, wa za a kira, wa zai riƙe masa shago da yara, wane asibiti yake so. Idan ranar ta zo, maganarsa ce ake bi, wadda ya yi da cikakken hankali, ɗan'uwansa a ciwo kuma shi ne mai tunatar da kowa cewa takardar tana nan. Al'ummar da ta san darajar wasiyya ba za ta ga baƙon abu a nan ba.

Buƙatar ta fi tsanani a inda likitoci suka yi ƙaranci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri sun yi wa mafi yawan ƙauyuka nisa, don haka iyalai ke kai 'ya'yansu gidajen mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, bayan 'yan makonni aka ga irin haka a Daura. Cikinsu akwai masu shaye-shaye, akwai waɗanda aka ce sun gagari iyaye, akwai masu lalurar ƙwaƙwalwa. An ji ta bakin 'yan sanda da gwamnoni da masu gidajen. Waɗanda aka kwance ɗin, an ɗauki hotonsu, an yi hira da kaɗan, aka watse. Da a ce akwai ƙungiyarsu, da su za a tambaya irin wurin da ya kamata ya maye gurbin wanda aka rufe, tunda iyayen da suka kai su ba su da wani wurin kaiwa.

A watan Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, mai tushe a dokar Turawan mulki ta 1916. Sabuwar ta amince da haƙƙoƙin majinyaci, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a tsare shi ba da yardarsa ba. Sai dai saurayin nan da ke zaune gaban teburin likita bai san da ita ba, mahaifinsa ma haka, ba kuma da Hausa aka rubuta ta ba. Ƙungiyoyin da masu lalurar ke jagoranta a ƙasar sun fi ƙarfi a Legas da Abuja da kuma intanet, da Turanci suke aiki. A Kano da Sakkwato da Damagaram akwai dubban mutanen da suka yi ciwon suka tashi, suna koyarwa, suna kasuwanci, wasu suna limanci, amma sun yi shiru saboda sun san abin da fitowa fili zai jawo wa auren 'ya'yansu. Za su fi samun ƙarfin halin fitowa idan limamin unguwa ya karantar da hukuncin farfaɗowa a kan mumbari, shugaban asibiti kuma ya ware musu ɗaki da ɗan alawus a ranakun ganin likita.