Ganyen Kuɓewa da Ya Naɗe

A watan Agusta, idan marka ta zauna a ƙauyen Bagega, kuɓewar bayan gida takan fito da wata alama da ba kowa ke tsayawa ya duba ba. Ganye ɗaya ko biyu a jikin kowace sanda sai su naɗe, irin naɗin da mai tallar gyaɗa ke yi wa takarda. Ganyen yana nan kore shar, saboda haka ba ƙishirwa ba ce. Sa farce ka warware shi. Za ka ji wani siririn zare yana tsinkewa, ka ga baƙin kashi ƙanana ya taru a ciki, sannan wata koriyar tsutsa mai baƙin kai ta yi wutsil-wutsil da baya ta faɗo ƙasa.

Masana ƙwari suna kiran wannan halitta Haritalodes derogata, kuma wani mutumin Denmak mai suna Fabricius ne ya fara rubuta siffarta a 1775. Tana Afirka, tana Indiya da Sin, har Ostareliya. Abincinta ganyen auduga da 'yan'uwanta, wato kuɓewa da rama. Ƙasar da ta daɗe tana kai auduga injinan gurza na Gusau ba baƙuwar wannan tsutsa ba ce.

Uwar tata da dare take yawo. Ƙwaro ne mai fukafuki dangin malam-buɗe-littafi, daga cikin waɗanda ke ruɗewa da hasken fitila. Idan ta buɗe fukafukanta faɗinsu ya kai santimita 3 ko kusa da haka, launinsu fari ne da ya ja zuwa ruwan ɗorawa, da zane-zanen ruwan ƙasa masu lanƙwasa. Ƙurar da ke maƙale wa yatsa idan an kama ta ƙananan ɓawo ne da suka lulluɓe fukafukin. Ba ta tauna komai, bakinta bututu ne naɗaɗɗe da take tsotsar ruwan fure da shi. Kunnuwanta kuwa a gindin cikinta suke, da su take jin kukan jemage ta kauce. Takan bi bayan ganye tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai, cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe.

Ƙananan tsutsotsin ba su iya naɗi tukuna. Sukan zauna a bayan ganye suna kankare shi a ƙarƙashin ɗan zaren da suka shimfiɗa. Sai sun yi saɓa sun girma sannan kowace ta kama gabanta, ta nemi ganyen da za ta gina ɗaki.

Ginin ne abin kallo. Tsutsar da tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba, yaya take lanƙwasa ganyen da ya kai tafin hannu? Ƙarfin jan sa dai ba ta da shi. Abin da take da shi jakunkuna biyu ne dogaye a cikin jikinta, dangin na yawu, masu fitar da wani ruwa mai danƙo ta ɗan bututu a ƙarƙashin bakinta, ruwan yana fitowa ya zama zare. Takan fara da tsaga gefen ganyen da muƙamuƙanta. Daga nan ta kafa ƙafafunta na ciki, waɗanda ke da ƙananan ƙugiyoyi, ta riƙa kai kanta dama da hagu, tana liƙa zare nan tana liƙa shi can. Kowane zare a miƙe take ɗaura shi, shi kuma yana ƙoƙarin komawa yadda yake, sai ya ɗan janyo ganyen. Jan zare ɗaya ba a ko ganinsa. Amma ta ɗora wani, ta ƙara wani, tana gajarta su, har gefen ganyen ya juyo ya rufe ta. Idanunta ƙanana shida a kowane gefen kai da ƙyar suke bambance haske da duhu, kusan da lalube take wannan aiki duka.

A ciki ta huta da rana, ta huta da dukan ruwa, tsuntsu mai wucewa bai gan ta ba. Bangon ɗakin kuma shi ne tuwonta. A nan za ta yi mako biyu ko fiye tana ci, ta daskare ta zama ƙunshi ja-ja, bayan mako guda ko ɗan fiye sabuwar uwa ta fito. Damina ɗaya ta isa a yi jika da tattaɓa-kunne.

To amma ɓuyan nata shi ke tona mata asiri. Koriyar tsutsa a kan koren ganye sai mai kaifin ido, naɗaɗɗen ganye kuwa yaro ma daga bakin zaure zai hango shi. Zanzaro da ke gina ɗan ɗakin laka a bango, fasa ginin ka gani, cike yake da tsutsotsin da ya sumar ya ajiye wa 'ya'yansa. Akwai kuma wasu ƙananan dangin rina, da wuya ido ya kula da su, da ke sa ƙwansu a jikin tsutsar, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Su duka naɗin ba ya hana su. Abu ɗaya da naɗin ke tarewa sosai shi ne maganin feshi. Ruwan ya jiƙa bayan ganye, ya kashe zanzaron da rinar da ke kai-komo a fili, ya zauna a jikin 'ya'yan kuɓewa, ita kuma mai laifin sau da yawa tana kwance cikin ɗakinta lafiya lau.

Ita kuɓewa ba ta jira. Yau an tsinka, jibi an sake tsinka, in an bar ta ta ƙosa. Kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani cewa a dakata kafin a ci, da Turanci aka rubuta su, a ƙananan baƙaƙe, in ma maganin da kwalbarsa ya zo, ba a ɗura shi a robar ruwa ba a kasuwa. Rama ta fi ban tsoro, don ganyen da aka fesa shi ne za a dafa a yi kwaɗo.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dafin da ido ba ya gani. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yaran da ke mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, gubar dalma ce ke kashe su, daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara 400 ko fiye suka rasu. Bagega, da ita ma gubar ta shafa, sai a 2013 aka kankare mata ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, bayan an daɗe ana jiran kuɗin aikin. Maganin ƙwari da dalma ba abu ɗaya ba ne, kuma ba na haɗa girman masifar. Amma jikin da ya fi saurin jin su duka na ƙaramin yaro ne, kuma ta hanya ɗaya suke shiga, daga tsakar gida zuwa hannu, daga hannu zuwa baki.

A ganina, ga kuɓewar bayan gida, wannan tsutsa ba ta kai a sayo mata magani ba. Tsiro yana jure rasa 'yan ganye ba tare da ya rage 'ya'ya ba. A zaga da safe, a matse kowane naɗi da yatsa biyu, ko a tsinke a watsa wa kaji. Aikin bai kai daka furar rana ba. Mai faffaɗar gonar auduga lissafinsa daban ne, shi sai ya nemi malamin gona ya faɗa masa lokacin da ɓarnar ta kai a fesa, da irin abin da za a fesa, kuma tun tsutsar tana ƙarama, kafin ta yi ɗaki. Sai dai a shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, ɗan fegin da ke jikin gida shi ke riƙe da tukunyar miya, a nan kuma yara ke wasa.

Idan damina ta ɗauke, tsutsotsin ƙarshe ba duka ke mutuwa ba. Wasu sukan lafe cikin busassun ganyen da ya zube a gindin tsiro, su daina ci, su jira ruwan baɗi. Wanda ya tuge karan kuɓewa da na auduga bayan kaka, ya share ganyen ya kai wa dabbobi ko ya ƙone, ya rage yawan uwayen da za su tashi a farkon damina.