Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

'Ya'yana, idan uwar gida ta rasu, kwana ukun farko kowa ya san abin yi. Maza a ƙofar gida, mata a ciki, mai shigowa ya ce "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta." A yi sadakar uku, wasu su ƙara da ta bakwai da ta arba'in, malamai su ja da juna a kan halaccin hakan. Ba wannan jayayya ta kawo ni ba. Damuwata tana kan abin da ke biyo baya, lokacin da baƙi suka watse, aka mayar wa maƙwabta da tabarminsu.

Ku lura da Babbar Sallar farko. Maigida ya yanka ragonsa kamar kullum, nama ya cika baho, sai a tsaya ana kallon juna, don ba wanda ya san gidajen da ake kai wa. A kanta lissafin yake: tsohuwar da ta yi mata wankan jego, ƙawarta tun ta makarantar allo, wata bazawara a bayan masallaci da ba ta taɓa roƙon kowa ba. Waɗannan za su jira har magariba, ba yaron da zai yi sallama da kwano. Ba za su yi ƙorafi ba, sai dai su ce "Allah Ya jiƙan Hajiya," su rufe ƙofa.

Kai maigida, da kai zan fi daɗewa. Nana Khadija ta zauna da Manzon Allah (SAW) kimanin shekara 25, ta rasu a Makka shekara uku kafin hijira. Bayan an koma Madina, idan ya yanka akuya yakan yanyanka naman ya aika wa ƙawayenta. Nana A'isha da bakinta ta faɗi cewa ba ta taɓa kishin wata mace kamar Khadija ba, alhali ba ta zauna da ita ba, saboda yawan ambatonta da yake yi. Bayan yaƙin Badar, 'yarsa Zainab ta aiko da abin fansar mijinta Abul Asi, a ciki har da sarƙar wuya da mahaifiyarta ta ba ta lokacin aurenta. Da ya ga sarƙar, tausayi ya kama shi ƙwarai, ya nemi sahabbai idan sun yarda su saki mutumin su mayar mata da kayanta, suka yarda. Shekaru sun wuce, amma bai manta da sarƙar matarsa ba.

Na san kunyarmu. Akwai dattijon da har ya mutu bai kira uwargidansa da sunanta ba, kuma ban ga aibin wannan ba. Amma kunyar da za ta hana ka gaya wa 'ya'yanka cewa uwarsu ce ta sayar da akuyoyinta ta biya musu kuɗin makaranta shekarar da kasuwa ta juya maka baya, wannan ɓoye gaskiya ce. Namiji ba shi da takaba, ka yi aurenka, Manzo ma ya auri Nana Sauda ba da jimawa ba. Sai dai kada gidan ya koma inda yaro zai sassauta murya idan zai ambaci uwarsa. Ke ma amarya, ki saurara: wadda ke kushewa ba ta raba kwana da ke. Bar yaran su yi maganarta.

Sannan akwai haƙƙi, kuma nan ne masu hawaye suka fi zamewa. Kafin rabon gado, a biya bashinta. Mata suna da basussukan da maza ba su sani ba: zubin adashi da ta riga ta kwasa, atamfar da ta karɓa hannun dillaliya, kuɗin ajiyar wata maƙwabciya a ƙarƙashin akwati. A tambayi uwar adashi, a tambayi aminiyarta. Idan akwai ragowar sadakinta a kanka, bashi ne, zai shiga cikin abin da ta bari. Gadonta da kujerunta da kwanukanta nata ne, ba na gidan ba. Suratun Nisa'i ta yanke maka rubu'i idan ta bar ɗa ko 'ya, rabi idan ba ta bari ba, kuma idan tana da 'ya'ya, mahaifinta da mahaifiyarta kowannensu yana da sudusi in suna raye. Sau nawa ake manta da tsohuwar a ƙauye? 'Yan kunnen gwal da babbar 'ya ta soke a haɓar zani "don tunawa da Mama" akwai rabon ƙannenta marayu a ciki.

Ku kuma da ta haifa, hotonta da kuke sawa a WhatsApp duk shekara ba laifi ba ne, amma bai kai mata komai ba. Mahaifiyar Sa'adu bin Ubada ta rasu ba ya gari, ya tambayi Manzo ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa za ta amfane ta, ya ba da gonarsa sukutum. Mai hali ya haƙa rijiya. Marar hali ya ajiye randa a ƙofar gida, ya riƙa cika ta.

Ku kuma rubuta labarinta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, uwa ce, gwaggon sarakunan Musulmi ce, amma ba manya kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa wata baiwar Allah Zaharatu, mai taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. Da ba don alƙalamin Nana ba, wa zai san da ita yau? Ku gwada tambayar jikokinku sunan kakarsu na yanka da garin da aka haife ta, ku ji amsar da za su ba ku.

Saura waɗanda ta riƙa. A gidajenmu gwaggo ko inna takan ɗauki ɗan ɗan'uwanta tun daga yaye, ta raine shi har ta yi masa aure. Ranar makoki za ka gan su a gefe, sau da yawa ba su cikin magada, suna kuka a ɓoye kamar ba su da iko da wannan rashi. Ku jawo su tsakiya. A shekara ta 7 bayan hijira, da aka yi jayayya kan wanda zai riƙe 'yar Sayyidina Hamza, Manzo ya ba Ja'afar saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya bayyana cewa matsayinta matsayin uwa ne. Haka kuma ranar da Hala, 'yar'uwar Nana Khadija, ta nemi izinin shiga wurinsa, jin sallamarta kaɗai ya motsa masa zuciya, don ta tuna masa da ta Khadija.

Idan yayar mahaifiyarku ko ƙanwarta tana raye, kada ku tura mata kuɗi ta waya ku ce kun yi zumunci. Ku taka da ƙafarku, ku tafi da yara, ku tambaye ta yadda suka tashi, wa ya fi wani tsiwa, wane ne ya fara zuwa zance. Ku bar ta ta yi ta faɗa har ta gaji.