Ƙarya A Takardar Kuɗin Fito, Ita Ma Ƙarya Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu fatake, wai kuɗin fito zalunci ne, saboda haka babu laifi mutum ya rage adadin kayansa a takarda, ko ya sake musu suna, ko ya toshe bakin ma'aikacin kwastan. Wannan magana tana bukatar a auna ta.

Mu ɗauki misali da Doba, tashar jiragen ruwa ta Ingila. Jirgin fito yana ƙetarowa daga Kale ta ƙasar Faransa cikin awa ɗaya da rabi, kuma dubban manyan motocin kaya ne suke sauka a kowace rana. Tun daga 1 ga Janairu 2022, bayan fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai, sai an shigar da bayanin kaya tukuna motar ta hau jirgi, kana a sanar da direba ko ya wuce ko ya tsaya a duba shi. Babu yadda za a yi a buɗe kowace mota, domin da an yi haka da abinci ya ruɓe a kan layi. Ashe ke nan aikin duka a kan maganar mai kaya ya rataya. Wanda ya sa hannu a takardar nan shaida ya bayar, in kuwa ya san ba haka abin yake ba, to, ya yi shaidar zur, ko da ba a gaban alƙali ba ne.

Kada a ce ƙaryar takarda ba ta cutar kowa. A watan Yuni na 2000, ma'aikatan kwastan na Doba suka buɗe wata motar tumatir da ta sauko daga jirgin Beljiyam, suka tarar da gawar 'yan ƙasar Sin 58 a bayan akwatunan, iska ta ƙare musu. Ƙofar da ake buɗewa don kauce wa haraji, ta nan makamai da ƙwayoyi da jabun magani suke shigowa.

Gaskiya ne shari'a ta yi tir da harajin zalunci, wanda malamai suke kira makasu. Amma an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya naɗa masu karɓar ushira a hanyoyin fatauci: kashi 1 cikin 40 daga Musulmi, 1 cikin 20 daga 'yan amana, 1 cikin 10 daga baƙin fatake, gwargwadon yadda ƙasashensu suke karɓa daga Musulmi. Watau abin da aka hana shi ne ƙetare iyaka da cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba.

Wanda ya ga kuɗin fito ya yi nauyi yana da hanyar kai kuka, yana kuma iya barin wannan sana'a. Amma wanda ya shigo da kaya ta ƙofar wata ƙasa ya ɗauki alkawarin bin ƙa'idarta, Musulmi kuwa ba ya warware alkawari. Haka kuma ma'aikacin da yake jinkirta kayan bayin Allah da gangan har sai an ba shi na goro, shi ma ya ci amana, alhakin duk abin da ya lalace yana wuyansa.

Allah Ya tsarkake mana cinikinmu, Ya ciyar da mu da halal, amin.