Mai Mura da Mai Ciwon Huhu: Wa Ya Kamata Ya Matsa?

Akwai wani dattijo a masallacinmu, shekara da shekaru sahun farko bai taɓa wuce shi ba. Ya yi tarin fuka tun yana matashi, ya warke, amma huhun bai koma daidai ba. Hunturun bara wani ya tsaya gefensa a sallar Asuba yana ta tari da atishawa. Ba a yi mako ba sai ga Baba a gadon asibiti da robar oksijin a hanci, likita ya ce nimoniya ce. Ban ce wancan ne ya shafa masa ba, Allah ne masani.

Da ya dawo sai ya ce min: "Liman, in na koma ƙarshen sahu kusa da taga, ba raunin tawakkali ba ne?"

Na ce a'a Baba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya. Wa zai ce Umar ba shi da tawakkali?

Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne: me ya sa shi ne zai matsa?

Murar da kai za ka sha shayi da citta ka tashi, a wajen mai asma, ko wanda hayaƙin itace ko na sigari ya cinye wa huhu, ba ƙaramin abu ba ce. Hanyoyin numfashinsa sun riga sun ƙuntace, majina ba ta fita da sauƙi, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. A 2020, da korona ta sa aka ba da tazara aka sa takunkumi, asibitoci a ƙasashe da dama sun ga raguwar masu irin wannan ciwo da ake kwantarwa.

Annabi (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci. Wari ne kawai fa jama'a, ba ya kai kowa asibiti! To ina ga tarin da zai iya kwantar da dattijo? Amma mu mai mura shi ne a tsakiyar sahu, yana ganin jarumta ya yi, ya yi atishawa a tafin hannu ya miƙo maka a gaisa.

Ba cewa nake a dawo da tazara ga kowa ba, haɗa sahu sunna ce. Mai murar nake roƙo: ka sa takunkumi, in ta yi tsanani ka yi sallarka a gida kwana biyu, kana da uzuri.

Baba dai yanzu yana gefen taga. Jiya na waiwaya don daidaita sahu, sai na ga wani matashi a tsohon wurinsa yana jan majina.