Tsakanin kunun zaki da burkutu, ina iyakar take?

Mai kunun zaki a Gummi takan fara aikinta kwanaki kafin ta ɗora tukunya. Za ta jiƙa dawa ko gero, ta baza a kan buhu mai laima, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ƙwayar ta fid da tsiro. Sai ta shanya, ta niƙa. Ranar damu ta raba ƙullun gida biyu: kashi ɗaya ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, in ya sha iska ta juye ɗanyen da ke ɗauke da tsiro, da citta da kanumfari da busasshen dankali. Kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba. Tsiron ne ya narkar da sitacin hatsin ya mai da shi sukari.

Da irin wannan tsiron mai dafa burkutu take farawa a ƙasar Zuru, wadda ke iyaka da Gummi da Bukkuyum ta ɓangaren Jihar Kebbi. Haka ma Baturen Ingila ko Amurka da ke haɗa giyarsa a gida. Shi da tsiron sha'ir yake amfani, wani kaso gasasshe don ruwan ya yi ja kamar zuma, ya jiƙa a ruwan zafi na kimanin awa guda, ya tafasa da wani fure mai ɗaci da ake kira hof, sannan ya zuba yis ya rufe mako ɗaya ko biyu. Har zuwa lokacin zuba yis ɗin nan, abin da ke tukunyarsa ruwan hatsi ne mai zaƙi da ɗaci, ba ya bugar da kowa.

Tambayar ina iyakar take tana da nauyi a Zamfara, inda Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka sa wa Musulmin da ya sha giya bulala 80. Idan hatsi ɗaya ne, tsiro ɗaya, me ya halatta wannan ya haramta wancan?

An yi irin wannan tambaya tun zamanin Annabi (SAW). Da aka aika Abu Musa Al-Ash'ari Yaman, ya tambayi Annabi (SAW) game da abin sha iri biyu da ake yi a can: bit'u da ake yi da zuma, da mizru da ake yi da dawa da sha'ir. Mizru ɗin nan ɗan'uwan burkutu ne na jini. Amsar da ya samu ba ta tsaya a kan zuma ko dawa ba, ta ɗora hukuncin a kan maye: duk abin da ke bugarwa an hana shi. A kan wannan mazhabar Malikiyya ta tsaya, ita ce kuma ake karantawa a zaurukan Anka cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. Imam Abu Hanifa ya sassauta a kan tsimin hatsi muddin mutum bai sha har ya bugu ba, amma malaman mazhabarsa na baya sun koma ga fatawar almajirinsa Muhammad Ash-Shaibani, wanda ya hana kaɗan da mai yawa.

Hikimar wannan ma'auni ita ce ya raba tsami da maye, abin da wasu masu tsanantawa suke kasa yi. Nono yana tsami, gasarar koko tana tsami, daddawa ma sai ta ruɓa take zama daddawa. Ƙwayoyin da ke kawo wannan tsamin daban suke da yis mai mai da sukari barasa. Haka lemon malta da ake rabawa a wurin ɗaurin aure: a masana'antar giya ake yin sa, da tsiron sha'ir ko dawa (tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanoni suka rungumi dawar Arewa), amma ba a bar yis ya yi aiki a cikinsa ba. Wanda ya ƙi sha don kada kuɗinsa ya ƙarfafa kamfanin giya yana da hujjarsa ta tsantseni, kuma abin girmamawa ce. Wanda ya ce ruwan maltar giya ne, ya faɗi abin da ba haka ba.

Inda lamarin ya fi wuya shi ne kunun da ya kwana biyu. Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da kashegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. Wasu sun riƙe kwana ukun nan kamar shi ne iyakar. Amma zafin Bukkuyum a watan Afrilu, ga rashin wutar lantarki, ba ya jiran kwana uku. Yis yana yawo a iska, yana manne a jikin randa. Gorar roba da aka cika jiya za ta iya kumbura yau, ta yi huci idan an buɗe, kumfa ya taso, warin ya canza. Malaman fiƙihu sun daɗe da ambaton kumfa da tsananin ɗanɗano a matsayin alamar tsimi ya juya.

Ba ɗan Hisba da zai iya bin kowace gora yana shinshinawa. Hukuncin yana hannun matar da ta dama kunun, wadda ta san ranar da ta tace shi, kuma jarinta ne zai bi rariya idan ta zubar. Ita ce ta fi kowa buƙatar a yi mata bayanin wannan mas'ala dalla-dalla a makarantar Islamiyyar matan aure: yaushe tsami bai ɓata kome ba, yaushe ya wajaba a zubar, da dabarar dama daidai abin da zai ƙare a yini guda a lokacin bazara.