Jiki Amana Ne: Mu Ɗan Taɓa Gudu Bayan Asuba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mana rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa mazauna Agege da kewaye, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan abin da yawancinmu muka bar wa yara da 'yan ƙwallo ne, wato gudu don motsa jiki. Mun san wani zai ce, "Haba Malam, da gemuna?" To, a ɗan yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe.

Mu dubi yadda ranarmu take tafiya. Ɗan canji yana zaune. Mai shago yana zaune. Direban da ke ɗauko kaya daga Arewa zuwa Mile 12 yana kwana yana wuni a kan sitiyari. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana lemon kwalba, da dare tuwo, sai barci. Iyayenmu sun ci tuwo fiye da mu, amma sun biya kuɗinsa da zufa a gona. Mu kuwa mun riƙe cin, mun bar noman. Sakamakon yana gabanmu: hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa, da kujerun da suke ta ƙaruwa a sahun baya, wasunsu na mutanen da ba su kai shekarun kujera ba. Ba gori muke yi wa kowa ba, cuta jarrabawa ce, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Kwanciya ciwo a baƙon wuri ba wasa ba ce: shago a rufe, kuɗin asibiti yana cin jari, ga iyaye a gida suna jiran aike.

Addini bai bar mu a duhu ba. Ya tabbata a hadisi cewa jikin mutum yana da haƙƙi a kansa, kuma Allah ya fi son mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, ko da yake kowannensu da alherinsa. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya, ta tsere masa. Bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, ya rama. Abu Dawuda ne ya ruwaito. Sahabi Salamatu ɗan Akwa'u ya bi mahayan da suka kore raƙuman Annabi da ƙafa, yana harbinsu da kibiya har ya ƙwato dabbobin, kuma a hanyar komawa Madina ya nemi izini ya yi tsere da wani mutumin Ansar ya wuce shi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Wa ya fi waɗannan mutunci a cikinmu?

Ga kuma aikin Hajji da muke ta tara masa kuɗi. Namiji yana sassarfa a zagaye uku na farko na ɗawafin isowa, yana kuma sassarfa tsakanin korayen fitilu a Safa da Marwa, inda kai da komowa bakwai ya kai kusan kilomita 3. Ba a maganar tafiyar Mina da jifa. Mai adashin kujerar Makka ya kamata ya riƙa yi wa ƙafafunsa nasu adashin.

To, yaya za a fara? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi, kamar gudu. Minti 30 ke nan sau biyar a mako. Amma kada a fara daga nan. Mako biyu na farko a yi tafiya da sauri ta minti 20, kwana uku a mako. Daga nan a riƙa gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, ana maimaitawa. Kowane mako a ɗan ƙara gudun, a rage tafiyar. Ma'aunin shi ne: in kana gudu ba ka iya amsa gaisuwa, ka yi sauri da yawa, sassauta. A bar kwana ɗaya tsakani jiki ya huta. A sa kambas, ban da silifa. Wanda ya haura 40, ko yake da hawan jini ko suga ko matsalar zuciya, ya fara ganin likita. Wanda ya ji ƙirjinsa ya riƙe ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Farawa ba ta da wuya, ɗorewa ce aiki. Annabi (SAW) ya koya mana cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, komai ƙanƙantarsa. Dabarar ita ce a ɗaura sabon abu a jikin wanda ya riga ya zauna, kuma babu abin da ya zauna a rayuwarmu kamar sallar Asuba. Mun riga mun tashi, mun riga mun fito. Maimakon komawa shimfiɗa, a zauna a yi azkar har gari ya yi haske, sannan a ɗaura takalmi. Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma Sakhru al-Gamidi, sahabin da ya ruwaito hadisin, ɗan kasuwa ne irinmu, da sassafe yake tura hajarsa, har ya yi arziki. A nemi abokan tafiya biyu ko uku, domin wanda ake jira a ƙofar masallaci ba ya iya fakewa da bargo. In ruwan Ikko ya hana fita yau, a fita gobe. In azumi ya zo, a koma tafiya a hankali bayan Tarawihi. Fashin kwana ɗaya ba ya rushe gini, cewa "shi ke nan na bari" ce take rushe shi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a matsayinmu na baƙi. Mutum ɗaya yana gudu cikin duhu a lungun da ba a san shi ba, kalma ɗaya ta "ole" ta isa ta jawo masa abin da ba a fata. Don haka kada kowa ya fita shi kaɗai, kada a fita kafin haske. A sa kayan da kowa zai gane motsa jiki ake yi, a riƙe katin shaida, a zaɓi fili ko hanyar da aka san mu, a gaida maƙwabta da masu gadin unguwa. A bakin titi a fuskanci motocin da ke tahowa.

A kiyaye iyakokin shari'a. Wando ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa. Kada gudu ya ci lokacin salla, kuma in an tayar da iƙama, da natsuwa aka umarce mu mu zo, ba a guje ba. Iyayenmu mata su ma jikinsu amana ne. Tafiya da sauri cikin sutura, a tsakar gida ko tare da maigida, ta wadatar, kuma maigidan da ya raka iyalinsa yana da abin koyi a tseren da muka ambata. 'Yan'uwanmu 'yan dako da masu turin ruwa kuwa, ku haƙƙin jikinku shi ne hutu da isasshen barci.

Hausawa sun ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Gara mu yi gudun da muka zaɓa da ƙafarmu, da niyyar samun ƙarfin ruku'u da sujada da neman halal, kafin ranar da za a yi gudu da mu zuwa asibiti. Ajali na Allah ne, amma za a tambaye mu yadda muka riƙe abin da aka ba mu ajiya. Gobe Asabar, wanda ya shirya ya zo Asuba da kambas ɗinsa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu a zamanmu na nan, ya mai da mu gida lafiya. Amin.